Kwamitin estate ya hana mu ɗora sola a rufin gidanmu

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ba ni ɗan fili in amayar da abin da ke cina.

A wata estate nake zaune a Abuja, fulat ne na saya da gumina a bene mai hawa uku. Tun Afrilun 2024 da aka kai wutar Band A, wato rukunin da aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, naira 225 kowane yunit, ga fetur tun cire tallafi a 2023 ya gagari kundila, na daure na tara kuɗi na sayi fanel shida da inbata da batir. Mai haɗawa ya zo har ya jingina tsani sai ga maigadi da takarda wai kwamiti ya ce a dakata, rufi na kowa ne, za a huda kwano ya dinga yoyo, kuma wai zai ɓata kyan gidaje. Yau wata huɗu fanel ɗin na jingine bayan kujera a falo ko kwalinsu ba a cire ba.

Maganar yoyo na yarda, gaskiya ce, na ma ce zan sa hannu duk ɓarnar da aka yi ni zan gyara. Amma kyan gida fa? Kullum da magariba janareto ne jere a ƙarƙashin bene, ƙara da hayaƙi har ɗakin 'yata mai asma, sai mun toshe taga da zani, ba wanda ya taɓa kawo wa masu su takarda.

A Amurka ma ƙungiyoyin masu gidaje sun yi irin wannan taurin kan, doka ce ta taka musu birki. Kalifoniya tun 1978 take da dokar haƙƙin sa sola, yanzu ƙungiya ba ta isa ta kafa sharaɗin da zai ƙara maka kuɗi sama da dala 1,000 ko ya rage wutar da kake samu fiye da kashi 10 cikin 100 ba. A Fulorida za su iya nuna maka gefen rufin da za ka ɗora, amma hanawa kwata-kwata babu.

'Yan majalisarmu, irin wannan doka muke roƙo, a fayyace rabon kowane mai fulat a rufi, a ba kwamiti wa'adin amsawa a rubuce. Mu biyar ne a layinmu muke jira, ga watan zafi ya ƙarato.

Naku,
Wani mai karatu daga Abuja