Wai bam mai 'ya'ya makami ne kamar kowanne?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Gaskiya shirinku na daren Talata ya ɓata min rai, wallahi kashe rediyon na yi tun kafin a gama. Baƙon nan naku sai cewa yake wai bam mai 'ya'ya, wato wanda ke watsa ƙananan bama-bamai, ai makami ne kamar kowanne, tunda Rasha na harba nata to Amurka ba ta yi laifi ba da ta ba Yukren a 2023, mai gabatarwa kuma ya ƙyale shi yana ta zuba ko uffan bai ce masa ba. Haba jama'a!

Ni gwangwan ce sana'ata, ƙarfe nake saye a sikeli, yaran da ke kawo min kaya daga jeji na san su na san iyayensu. Ɗan maƙwabcina bai fi shekara 12 ba ya tsinci wani guntun ƙarfe a bayan gari, ragowar yaƙi ce da ba ta fashe ba, shi ina ya sani, ya zauna yana ƙwanƙwasa shi da dutse wai zai cire tagulla. Yau hannu ɗaya gare shi, ƙanensa da ke tsugune yana kallo kuwa a ranar muka kai shi makwancinsa. Har yanzu in yaro ya juye min buhu sai gabana ya faɗi.

To wannan guda ɗaya kenan. Shi bam mai 'ya'ya a sama yake buɗewa ya watsa ƙanana birjik kamar an watsa wa kaji tsaba, da yawa ba sa tashi sai ranar da wani ya taɓa. A ƙasar Laos Amurka ta zuba sama da miliyan 270 daga 1964 zuwa 1973, kusan miliyan 80 ba su fashe ba, shekara hamsin da ɗoriya manomi na shiga gonarsa da fargaba. Shi ya sa aka sa hannu kan yarjejeniyar haramta shi a Oslo, babban birnin Norway, a 2008, ƙasashe fiye da 100 sun shiga har da Najeriya da Nijar, amma Amurka da Rasha da Isra'ila sun ƙi, wannan ko ambatonsa baƙonku bai yi ba.

Sannan don Allah ku gyara layin wayarku, sau bakwai ina kira yana shiga ana cin katina ba wanda ya ɗauka, kullum mutum uku ɗin nan dai muke ji suna gaishe-gaishe.

Naku,
wani mai sauraro daga Maiduguri