A sa mana wurin cajin ababen hawa a tashoshin jirgin ƙasa na Abuja

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in miƙa kira ga masu kula da jirgin ƙasa na cikin birnin Abuja.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura dubu a ƙarshen 2024. Wannan ne ya sa na sayar da tsohuwar motata na sayi babur mai amfani da lantarki. Da aka dawo da jirgin cikin gari a watan Mayun 2024, sai na ga Allah ya kawo sauƙi: in hau babur daga gida zuwa tasha, in ajiye shi, in shiga jirgi zuwa wurin aiki.

Matsalar ita ce caji. Unguwarmu ba ta cikin rukunin A da ake ba wuta sa'o'i 20 a rana, sau da yawa sai tsakar dare ake kawo ta, kafin asuba an ɗauke. Akwai ranar da na cire batirin na ɗora a kafaɗa, na kai shagon mai cajin waya da ke da janareta. Yaron ya dube shi ya ce, “Baba, wannan zai kashe min inji.” Na yi ta lallashi kafin ya karɓa, na biya kuɗin cajin waya goma. Wato dai fetur ɗin da na gudu shi na koma saya ta bayan gida.

Abin da ke ci mini rai shi ne, babur ɗin nan yana tsaye a tasha daga ƙarfe 7 na safe zuwa 5 na yamma, rana na dukansa har sirdin ba ya taɓuwa. Sa'o'i goma ke nan, kuma su ne lokacin da hasken rana ya fi ƙarfi. Da an yi rumfa an shimfiɗa farantan sola a kanta, an jera soket a ƙasa, da inuwa ta samu, caji ya samu. Ba a buƙatar na'urar caji mai sauri mai tsada, domin wanda ya tafi aiki ba gaggawa yake yi ba. Mu kuma a shirye muke mu biya, a haɗa da kuɗin ajiya.

Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, wato NADDC, ta kafa tashar caji mai sola a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato tun 2021, Maiduguri kuwa motocin haya masu lantarki suna ɗaukar fasinja. Amma ni a ganina tashar jirgi ta fi kowane wuri cancanta, tunda a can abin hawa ke wuni.

A fara gwaji ko da a tashoshin Kagini da Gbazango ne, da soket ashirin da mai gadi ɗaya. Maƙwabtana biyu masu keke napep sun ce da sun ga wurin caji za su koma na lantarki.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Kubwa, Abuja