Zuwa ga ɗalibar da ta ce lissafi ba ya karɓar "kusan"

Assalamu alaikum 'yata,

A taron ɗaliban lissafi da muka yi nan Bauchi kin miƙe gaban jama'a kika ce: "Malam, tun firamare ake gaya mana lissafi ba ya karɓar kusan. Yanzu a kalkulas, lissafin saurin canji, ana koya mana ƙiyasi da miƙaƙƙen layi. Wannan ba kame-kame ba ne, ga kalkuleta a waya?" Kafin in buɗe baki aka kira la'asar. Ga amsarki.

Ɗauki ɗakin da tsawonsa da faɗinsa duk mita 5 ne. Daɓensa murabba'in mita 25 ke nan. Mai gida ya ce 26 yake so. Nawa za a ƙara wa kowane gefe? Magini zai ce: in na matsar da bangon gabas kaɗan, na samu siririn fili mai tsawon mita 5, bangon kudu ma haka. Sirara biyu, tsawonsu a haɗe 10. Ƙarin 1 ake nema, sai a raba 1 gida 10, a samu 0.1. Gefe ya zama 5.1.

Ninka 5.1 da kanta, za ki ga 26.01. Daga ina 0.01 ta fito? Daga ɗan lungun da siraran biyu suka haɗu, santimita 10 kowane gefe, kamar tafin hannunki. Shi kaɗai magini ya kau da kai a kansa. Kalkuleta za ta ce gefen 5.099 ne. Mai kame-kame bai san inda ya kauce ba, mu kuwa muna iya ɗora yatsa a kan kurenmu mu faɗi girmansa.

Waccan 10 ɗin ita ce saurin canjin da kuka koya a aji: in gefe x ne, daɓe x² ne, saurin canjinsa kuma 2x, a kan 5 ya ba da 10. Dabarar duka ke nan. Ki tsaya inda kika san amsa, ki duba saurin canji a wurin, ki ɗauka ba zai sauya ba cikin ɗan takun da za ki yi, wato ƙiyasi da miƙaƙƙen layi ke nan. Mai awon fuloti a Fadaman Mada haka yake yi kullum, yana ɗaukar ƙasa shimfiɗaɗɗiya alhali duniya ƙwallo ce, daga tsakiyarta zuwa doronta kusan kilomita 6,371. Ban taɓa jin an kai shi kotu kan haka ba.

Inda ɗalibaina ke faɗuwa shi ne dogon taku. Daga 25 ki nemi gefen ɗaki mai 36 da wannan hanya, za ki samu 6.1, alhali 6 ce cif. Lungun ya girma. In kika ninka takun sau biyu, kuren kan ninku kusan sau huɗu.

Batun kalkuleta kuma, sake yin dabarar daga 5.1: rarar 0.01 a raba ta da 10.2, wato 5.1 sau biyu, a cire daga 5.1. Kin samu 5.09902, daidai har gurbi biyar. Wannan maimaicin sunan masanin lissafi Isaac Newton yake ɗauke da shi, kuma da irinsa kwamfuta ke warware lissafai da dama.

Ajiye wayar, ki nemo min gefen ɗaki mai murabba'in mita 50, ki fara daga 49. Ki zo da shi ranar Litinin, har da girman lungun.

Naki,
Malaminku na lissafi