A daina cusa "lim" a kafaɗar e

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana malaman lissafi da masu buga mana takardu a kwamfuta.

Makon jiya na raba wa ɗalibaina takardar gwaji. Akwai tambaya a kan (1 + 1/n)^n idan n ya yi ta ƙaruwa ba iyaka, wadda amsarta ita ce lambar da ake kira e, wato kusan 2.718. A hanyar warwarewa sai na ɗora lim n ln(1 + 1/n) kacokan a kafaɗar e, wato can samanta ta dama, kamar yadda 2 ke zama a x². (lim na nufin iyakar da lissafi ke dosa, ln kuma wani nau'in logarithm ne.) Bayan an yi fotokwafi, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wannan ɗigon sifili ne, ko takwas ce ta kwanta?" Na ɗauko tabarau, ni ma ban gane ba. Alamar ∞, wato ta rashin iyaka, da ke maƙale da lim ta zama kamar kashin ƙuda.

Laifin nawa ne. Da LaTeX, manhajar tsara rubutun lissafi, aka buga takardar. Manhajar TeX da Donald Knuth ya fitar a 1978, wadda LaTeX ke tafiya a kanta, tana rage girman rubutu mataki-mataki. Idan girman rubutun takarda 10 ne, abin da ke kafaɗa ya koma 7, na ƙarƙashinsa kuma 5. Kuma a kafaɗa ba ta sa n→∞ a ƙarƙashin lim, sai ta maƙala shi a gefe, don kada layi ya kumbura. Wani abokin aikina ya ce in ƙara umarnin \limits bayan umarnin \lim. Na gwada. n→∞ ɗin ya sauko ƙasa kam, amma girmansa na nan a 5, ga shi kafaɗar ta yi tsawo har ta ture layin sama. An gudu ba a tsira ba.

Abin da na koma yi shi ne rubuta exp( ) in zuba komai cikin baka, a layinsa shi kaɗai. Ma'ana ɗaya ce da e mai kafaɗa, lim ya samu wurin zama, ∞ ta fito sarai ko da tawadar injin ta kusa ƙarewa. Ko kuma a ce L ita ce iyakar, a warware ta daban, sannan a rubuta e^L.

Yarinyar nan dai na ba ta makinta cikakke, don sifilin da ta gani ta yi aiki da shi daidai.

Naka,
Wani malamin lissafi, Zariya