Masu ɗaukar waƙa a ɗaki, ku duba kundin Nebraska

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni fili in ja hankalin matasan mawaƙa da ke ganin sai babban situdiyo ake yin kundin waƙoƙi na kirki.

A ranar 3 ga Janairu, 1982, mawaƙin Amurka Bruce Springsteen ya zauna a ɗakin kwanansa a Colts Neck da ke jihar New Jersey, ya ɗauki yawancin waƙoƙin kundinsa mai suna Nebraska. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: rikodar kaset Tascam 144 mai layi huɗu (wato tana ɗaukar sauti huɗu daban-daban) da makirufo Shure SM57 guda biyu. Murya da jita suka ci layi biyu, sauran biyun aka bar wa harmonika da ƙarin murya. Gwaji ne kawai, don ya koya wa makaɗansa. Da suka sake ɗauka a situdiyo, sai armashin ya gudu, dole aka koma wa kaset ɗin. Kundin ya fito a Satumbar shekarar da waƙoƙi 10.

Amma fa injiniyoyi sun sha wuya, kuma nan ne na fi so a lura. Ba a daidaita ɓangaren rikodar da ke naɗar sauti a kaset ba, maɓallin gudun kaset ya goce daga inda ya kamata, sannan aka juye waƙoƙin a wata rediyo mai kaset da ta taɓa shan ruwa. Kaset ɗin ma a aljihu Springsteen ya yi ta yawo da shi babu marfi. Da aka zo yanka faifai, wato juye waƙoƙin a faifan garmaho, allura ta ƙi zama saboda sautin ya gurɓace, sai da aka rage ƙarfinsa sosai.

Yau kwamfuta ta maye gurbin kaset, amma sakacin bai canza ba. A kashe fanka, a rataya bargo bayan mawaƙi don ya shanye amon bango. Tsakanin baki da makirufo a bar kamar santimita 15. Kada ƙarfin sauti ya kai jar alama a ma'aunin sauti, domin muryar da ta fashe ba ta gyaruwa. In makirufo biyu ne, a haɗe su a saurara ta sifika ɗaya. Idan jitar ta sirance, to suna cin juna, a matsar da ɗaya. Kuma don Allah a adana asalin aikin a WAV (tsarin fayil da ba ya rage ingancin sauti) a wuri biyu, kada a dogara da kwafin da aka tura ta WhatsApp.

Naku,
Wani mai haɗa sauti, Kano