Zazzaɓin kwana uku ba ya gyara hali

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirinku na adabi na daren Lahadin nan da ta wuce. Ba zan ɓoye maka ba, na kashe rediyo raina a ɓace.

Baƙon da kuka kawo, wanda aka yi ta ce wa Dakta, ya kusa cinye rabin awa yana kambama littattafan soyayyar Turawa masu labarin zamanin barade da ganuwa. Har da cewa wai marubutanmu su je su koyi ginin tauraro a wurinsu, don a can ne mutum ke shiga labari da hali ɗaya ya fito da wani. Shi kuma mai gabatarwa ba abin da yake cewa sai "haka ne, Dakta". Don Allah a tambayar mini shi, guda nawa ya karanta har bangon ƙarshe?

Ni dai na karanta. Tun ina aji uku a makarantar kwana nake fama da su, da tocila a cikin bargo bayan an kashe fitila, na naɗe bangon da takardar tsohuwar kalanda don kada malamar da ke zagaye ta gane. Da na fara ɗaukar albashi, ƙarshen wata ba ya wucewa ban tsuguna gaban masu gwanjon littattafai a Sabon Gari ba. Yanzu haka akwai kwali biyu a ƙarƙashin gadona, gara ta fara taɓa na ƙasan. Tarihi kuma shi na koyar har na yi ritaya. Saboda haka ba jita-jita zan faɗa maka ba.

Ga tauraron da Dakta yake so a yi koyi da shi. Barde ne mai tabo a kumatu, mai baƙin ingarma, ba ya dariya. Sarki ya ba shi gari da gidan dutse ladan yaƙi, ya haɗa masa da 'yar mai gidan da aka kashe. Daga nan sai tsawa da hantara, yau ya kulle ta a ɗakin saman hasumiya, gobe ya fizgi hannunta a gaban barori, jibi ya hana ta zuwa kabarin ubanta. A haka za ka ci shafi 250. Can sai kibiya ta same shi a kafaɗa, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku, ita kuma ta zauna a gefen gado tana jiƙa tsumma tana goga masa a goshi. Cikin sambatu zai ambaci uwarsa da ta gudu ta bar shi yana ɗan shekara shida. Rana ta huɗu ya farka ya zama ɗan rago, har yana tsinko mata fure.

Wannan ne ginin tauraro? Mu da aka ce mana hali zanen dutse ne, za a ce ruwan tsumma ya kankare shi? Idan marubuci yana so in yarda mugu ya shiryu, to ya nuna mini abin da shiriyar ta ci masa. Ya mayar da gonakin da ya ƙwace, ko ya saɓa wa sarkin da ya ɗaukaka shi, ko ya tsaya gaban barorin nan da ya wulaƙanta ta a idonsu ya ce ya yi kuskure. Ba ko ɗaya. Garin yana hannunsa, gidan yana hannunsa, matar ma tana hannunsa, murya kawai ya sassauta.

Zubin labarin ma a kan ƙusa ɗaya ake rataye shi. Ya hango ta daga taga tana rungume da wani saurayi a lambu, sai ya ɗauki gaba har babi goma. Saurayin kuwa ƙanenta ne da aka ɗauka ya mutu a yaƙi. Gida mai mutum ɗari, da kuyangi, da masu dafa abinci, da 'yan tsegumi, a rasa mai cewa "ranka ya daɗe, ai ƙanenta ne". Duk wanda ya taɓa zama a gidan yawa ya san ko tari ka yi da asuba, kafin hantsi an kai labari ƙofar gida.

Ita kuma tauraruwar, 'yar yau ce aka sa wa doguwar riga. Tun shafi na biyar za ta buga ƙafa ta ce ita sai wanda take so, ta hau doki ta fita ita kaɗai, ba mai ce mata kanzil. Na taɓa karanta wanda aka kafa a Ingila wajen 1190, ga baiwar Allah tana feraye dankalin Turawa a madafa. Sunan ne ya ruɗi marubuciyar ko me, oho, amma dankalin nan daga Kudancin Amurka ya fito, bai shiga Turai ba sai a ƙarni na 16. Wannan ma na yafe. Abin da ban yafe ba shi ne, tunda ba ta tsoron abin da matan wancan zamani suke tsoro, ba ta da inda za ta girma. Yadda ta shigo haka take fita.

Abin haushin, ainihin tarihin ya fi ƙagen daɗi nesa ba kusa ba. Bari in ba ka wanda nake ba ɗalibaina. A 1469, a yankin Norfolk na Ingila, an yi wata yarinya Margery Paston, 'yar gidan masu ƙasa da ke ta fafutukar shiga sahun manya. Sai ta ƙulla aure a ɓoye da Richard Calle, mutumin da ke karɓar wa gidansu kuɗin haya yana riƙe musu lissafi, wato baran gida. A dokar cocinsu ta lokacin, idan mace da namiji suka furta wa juna cewa sun ɗauki juna mata da miji, aure ya ɗauru, ba waliyyi, ba shaidu. A Ingila ba a toshe wannan ƙofa ba sai a 1753. Ka ga ƙulli na gaske ke nan: kalma biyu da yarinya ta furta a ɓoye sun fi ƙarfin uwa da yayye.

Gida ya ɗauki zafi. Wanta ya rubuta cewa ba da yawunsa za a mayar da ƙanwarsa mai sayar da kyandir da kayan yaji a garin Framlingham ba. Aka raba su, aka tsare ta. Shi Calle ya aiko mata wasiƙa yana kiranta matarsa a gaban Allah, yana roƙonta ta ƙone takardar da zarar ta karanta. Ba a ƙone ba, ga ta nan har yau cikin wasiƙun gidan. Aka kai magana gaban bishop, wato babban limamin coci na birnin Norwich, ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ya tuna mata asalinta da dangin da za ta rasa. Yarinyar nan ta maimaita kalmomin da ta furta, ta ƙara da cewa in waɗannan ba su isa ba, za ta ƙara ɗaure auren kafin ta bar wurin. Kafin ta dawo, uwarta Margaret ta riga ta ba barori umarni kada a buɗe mata ƙofa. Duk wannan kuma a daidai lokacin da dakarun wani babban basarake suka yi wa gidan su Margery na Caister ƙawanya, wanda daga baya suka ƙwace.

To, a nan ne ake ganin hali yana motsi, a hankali, da ƙyar. Gidan bai iya rabuwa da Calle ba, don shi ya san lissafin, sai ya ci gaba da yi musu aiki yana suruki ba a kiransa suruki. Uwar da ta ce abin banza suka rasa, da ta zo rubuta wasiyya a 1482, sai ga shi ta bar wa ɗan Margery fam 20. Shekara 13 kafin zuciyar tsohuwa ta sauko, shi ma a kan jika ta sauko. Ba zazzaɓi, ba tsumma.

Ba ita kaɗai ba ce. A Magna Carta ta 1215, wato yarjejeniyar da manyan Ingila suka tilasta wa sarkinsu amincewa da ita, sai da aka rubuta ƙarara cewa ba za a tilasta wa matar da mijinta ya rasu ta sake aure ba, saboda kafin nan irin waɗannan mata kuɗi suke biyan sarki don a bar su su zauna. A 1217 wata dattijuwa, Nicola de la Haye, ita ta riƙe ganuwar gidan sarauta na Lincoln ta hana mahara shiga. Ga taurari zube a ƙasa, amma sai a tsallake su a ɗauko mana mai tabo a kumatu karo na ɗari.

Za ka ce me ya yi zafi, ai nishaɗi ne. Ni ma da haka nake cewa. Akwai 'yar ƙanwata da na riƙa tun tana ƙarama, ni na buɗe mata kwalayen nan da hannuna don Turancinta ya ƙaru. Da ta kawo wanda take so, duk gida muka ga take-takensa: ba ya gaisuwa, yana mata tsawa a waya muna ji daga tsakar gida. Na zaunar da ita na ce, ke 'yar nan, anya? Ta yi murmushi ta ce, "Gwaggo, ai irinsu ciki ne da su mai taushi, sai an yi haƙuri ake kaiwa." Wallahi na san shafin da ta ciro maganar. Shekara biyu ta yi, ta dawo da goyo da akwati ɗaya. Ta yi jinyarsa ma, ba sau ɗaya ba, ya warke ya ɗora daga inda ya tsaya. Ban ce littafi ne ya kashe mata aure ba, amma da na ji Dakta yana cewa a koyi wannan, sai da hannuna ya yi rawa a kan rediyon.

Ku sake gayyato shi, ku ba shi littafi ɗaya cikin waɗanda ya yaba, ya nuna mana shafin da barden ya yi asarar wani abu saboda matar. In ba shi da su, ya aiko a ɗaukar masa kwali ɗaya.

Sannan tun da na ɗauki biro, bari in faɗi wannan. Tallar maganin basir ɗin nan da kuke jefowa a tsakiyar shiri, sau huɗu na ƙirga a cikin awa ɗaya, ƙararta kuma ta ninka ta shirin, sai mutum ya zabura ya rage murya, kafin ya ƙaro an wuce rabin magana. Layin da kuke cewa a kira kuma, sau uku ina bugawa ana ɗauka a ajiye ni ina jin kiɗa har katina ya ƙare. Shi ya sa na koma takarda.

Wassalam.

Taku mai sauraro,
tsohuwar malamar tarihi,
Tudun Wada, Zariya