Wasiƙa Daga Teburin Mutum Huɗu

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya iyali, ya jikin Mama? Mu nan Manchesta sanyi ya kankama, kafin ƙarfe biyar gari ya yi duhu. Ka tambaye ni wasan katin nan da ya ɗauke min hankali, har kana tsoron ko caca na faɗa. Kwantar da hankalinka, a teburinmu ba a ɗora ko sisi. Bari in warware maka zare da abawa.

Sunansa Magic: The Gathering. Wani Ba'amurke masanin lissafi, Richard Garfield, ya ƙirƙiro shi, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993. Inda ya bambanta da whot ɗin da muke bugawa a zauren gidanku shi ne kowa da damin katinsa yake zuwa, shi ya zauna ya tsinto su ɗaya bayan ɗaya. Katunan launi biyar ne: fari, shuɗi, baƙi, ja da kore. Yawancin katunan suna da farashin sawa a wasa, kuma da wani ƙarfi da suke kira mana ake biya, wanda katunan ƙasa ke bayarwa.

Salon da nake bugawa shi ne Commander. Mutum huɗu ne a tebur, kowa da kati 100, ba a maimaita kati sai na ƙasa na yau da kullum, kuma kowa yana farawa da rai 40. A wasan mutum biyu kuwa kati 60 ne, rai 20.

Wannan lissafin ne ya fara koya min darasi. Ka san halina da gaggawa, sai na haɗa damin jajayen katuna, ƙananan mayaƙa masu arha, in afka wa mutum tun bai shirya ba. A wasan mutum biyu dabarar tana ci, domin rai 20 kawai za ka ƙwace. A nan kuwa rai 120 ne a gabanka. Na sha kai wa mutum ɗaya hari har ya kusa faɗuwa, hannuna ya ƙare, sai wani ya ajiye Wrath of God, mana huɗu kacal, ya share mayaƙan kowa. Ga shi na riga na zama abokin gabar duk teburin, don wanda ya fara zare takobi shi ake tarar wa.

Daga nan na koma shuɗi, masu hana ruwa gudu, ana sa kati ka soke shi. Nan ma akwai ramin da ban hango ba. In na kashe katina ɗaya na soke na wani, ni da shi muka yi asara, sauran biyun suna zaune hannunsu cike. Shi ya sa gwanaye suka fi son katin da ke ci daga mutum uku lokaci guda, irin Rhystic Study. Duk wanda ya sa kati sai ya ƙara biyan mana ɗaya, in ya ƙi, mai shi ya ja sabon kati. Ka ga mutum shiru kamar ba ya wasan, can sai ka duba hannunsa ya cika taf.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne masu haɗa kati biyu su gama wasa nan take. Juma'ar da ta wuce da daddare na gani da idona. Wata yarinya da ke hagu da ni ta yi zagaye uku ba ta taɓa kowa ba, tana ta jera katunan mana. A na huɗu ta ajiye Thassa's Oracle, kafin aikinsa ya tabbata ta bi shi da Demonic Consultation, ta ambaci sunan katin da babu shi a daminta. Hakan na sa a kwashe damin gaba ɗaya, shi kuma Oracle in ya tarar dami ya ƙare, mai shi ya ci. Mana uku ke nan duka. Ina riƙe da katin sokewa amma na riga na kashe manata a zagayen baya. Na gefena yana da Force of Will, katin sokewa da ake iya sawa ba tare da mana ba, sai dai ya ɓarar da shi tun farko a kan wani kati da bai kai ya kawo ba. Muka dubi juna, ta miƙo hannu muka gaisa.

Abin da ya sa nake ƙaunar wasan ke nan. Rabinsa a cikin katin yake, rabinsa a bakin mutane da fuskokinsu. Ana ciniki a fili: kada ka taɓa ni wannan zagayen, ni zan tare wancan. Wanda ya saɓa alƙawari kuwa teburin ba ya mantawa, mako mai zuwa shi za a fara kayarwa.

Yanzu na tsaya a tsaka-tsaki, kore da baƙi da shuɗi: in tara mana da wuri, in ja kati, in ɓoye ƙarfina har sai wasu sun gwabza sun zubar da makamansu. A Satumban 2024 an haramta Mana Crypt da Jeweled Lotus da Dockside Extortionist a Commander, katuna masu tsada da ke tara mana da sauri, aka yi ta rigima a kai. Ni dai ina ganin an kyauta, domin masu tsadar kati ba sa tsere wa irinmu tun zagayen farko kamar da.

Na haɗa dami biyu masu sauƙi, zan taho da su in na zo hutun sallah in Allah ya yarda. Ka nemo mana mutum biyu masu haƙurin zama, ni zan kawo sauran. Ka gaida Mama da yara, ka ce ina neman addu'arta.

Naka amini.